Ƙwallo 60, Fam 8: Labarin Dixie Dean



Da rediyo zan fara, tunda ta cikinsa muke ganawa. Ranar Asabar, 22 ga Janairu 1927, BBC ta zaunar da wani mutum mai suna Teddy Wakelam a gefen filin Highbury da ke Landan, ya riƙa ba da labarin wasan Arsenal da Sheffield United kai tsaye ga mutanen da ke zaune a gidajensu. Wannan ne karo na farko da aka ji wasan lig ɗin Ingila ta rediyo. Don gudun kada mai sauraro ya ɓace a hanya, mujallar Radio Times ta buga zanen filin an raba shi gida 8, wani mutum na biyu yana gefe yana kiran lambar gidan da ƙwallo take. Aka tashi ɗaya da ɗaya.

A wannan rana ce, can arewa maso yammacin ƙasar, wani saurayi ya cika shekara 20 cif. Wata 7 kafin nan yana kwance a asibiti da fasasshen kai, likitoci ba su da tabbacin zai sake taka leda. Bayan wata 15 da 'yan kwanaki kuma, ya kafa tarihin da yau ake neman shekara 100 ba a samu wanda ya ture shi ba. Sunansa William Ralph Dean, amma duniya da Dixie Dean ta san shi: ɗan wasan gaban Everton, mai ƙwallo 60 a kakar lig guda.

Ku riƙe min wannan lamba, 60. Ku ƙara da wata, 8. Fam 8 a mako shi ne iyakar abin da dokar ƙwallo ta yarda a biya shi. Tsakanin waɗannan lambobi biyu hirarmu za ta gudana.

An haife shi a 1907 a Birkenhead, garin maƙeran jiragen ruwa, wanda kogin Mersey ne kawai ya raba shi da Liverpool. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai son Everton, kuma shi ya riƙe hannunsa ya kai shi filin Goodison Park a kakar 1914-15, shekarar da Everton ta ɗauki kofin lig. Tun daga ranar yaron bai sake kallon wata ƙungiya ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya yakan yi sammako yana raba madara gida-gida. Yana shekara 14 ya bar makaranta, ya shiga koyon gyaran injin jirgin ƙasa. A 1923 Tranmere Rovers, ƙungiyar garinsu da ke rukuni na uku, ta ɗauke shi. A nan ne, yana ɗan shekara 17, wani ɗan baya ya yi masa mugun shuri a ƙasan mara, raunin da sai da ya kai ga tiyata. Irin ƙwallon da ya taso a ciki ke nan. Duk da haka, a kakar 1924-25 ya zura ƙwallo 27 a wasa 27, manyan ƙungiyoyi suka yi ca a kansa.

A watan Maris 1925 Everton ta biya Tranmere fam 3,000 ta ɗauke shi. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa ya sa rai da fam 300 daga cikin kuɗin, sai aka miƙa masa fam 30. Ya kai wa iyayensa, su kuma suka ba asibitin garinsu. Tun ranar farko ke nan aka nuna masa matsayin ɗan wasa a wannan sana'a.

Kafin in wuce, wata magana a kan laƙabin nan. Dean bai taɓa son a kira shi Dixie ba. Bill yake so. Wasu sun ce sunan ya samo asali daga wani laƙabi na yarinta da bakin mutane ya lanƙwasa. Wasu kuma sun ce saboda duhun fatarsa ne da baƙin gashinsa mai nannaɗewa, aka jingina shi da baƙaƙen fata na kudancin Amurka, yankin da ake kira Dixie. Ko wanne ne gaskiya, ya kamata mu san irin Ingilar da ake magana. A watan Oktoba 1925, shekarar da Dean ya shiga Everton, an sa sunan Jack Leslie na Plymouth Argyle cikin waɗanda aka kira tawagar Ingila. Mahaifinsa mutumin Jamaika ne. Ba a jima ba sunan ya ɓace daga jerin, kuma Leslie ya rayu yana da yaƙinin launin fatarsa ne ya jawo. Ba a sake kiransa ba. Ya ƙare yana gyaran takalman 'yan wasa a West Ham. Sai a 2022, shekaru da dama bayan mutuwarsa, aka kafa masa mutum-mutumi a Plymouth, hukumar ƙwallon Ingila ta amsa cewa an zalunce shi. Duk ranar da na ga 'ya'yan Afirka suna cika filayen Firimiya, Jack Leslie yakan faɗo min a rai.

To, mu koma kan Dean. Ya shigo Everton a daidai lokacin da ƙwallo ta canza kama, kuma wanda bai gane wannan canji ba ba zai gane ƙwallo 60 ba.

A da, dokar satar gida cewa ta yi sai an samu abokan hamayya 3, har da mai tsaron raga, tsakanin ɗan gaba da layin gida a lokacin da aka bugo masa ƙwallo. A zamanin kuwa 'yan baya 2 kacal ake sakawa, 'yan tsakiya 3, 'yan gaba 5. Kun ga ke nan, da zarar ɗan baya ɗaya ya yi taku biyu gaba, ɗan gaba ya faɗa tarko. Bill McCracken na Newcastle, mutumin Belfast, shi ya gwanance a wannan dabara, sauran suka koya. Wasa ya koma busa bayan busa, raga ta bushe, 'yan kallo suka fara ƙosawa. A watan Yuni 1925 hukumar da ke tsara dokokin wasan ta zauna a Paris, ta rage 3 ɗin nan zuwa 2.

Abin da ya biyo baya kamar an fasa madatsar ruwa. A ranar farko ta sabuwar kaka Aston Villa ta ɗura wa Burnley 10 da nema. A kakar 1924-25 an ci ƙwallo 1,192 a rukuni na ɗaya. A kakar da ta biyo, 1,703. Ƙarin ƙwallo fiye da 500 a shekara guda, wasannin kuma adadinsu bai canza ba. Dean, yana ɗan shekara 19, ya kwashi 32 daga ciki.

Sai ƙaddara ta gifta. A watan Yuni 1926 yana kan babur ɗinsa a kusa da garin Holywell, arewacin Wales, ya yi karo. Ƙoƙon kansa ya tsage, muƙamuƙinsa ya karye. Ku duba fa, mutumin da kai ne jarinsa, kan ne ya fashe. Amma kafin Oktoba ya ƙare ya dawo fili, kuma a wasansa na farko da 'yan benci da ka ya ci ƙwallo. Daga nan jita-jita ta bazu a gari cewa likitoci sun bar masa farantin ƙarfe a goshi, wai shi ya sa ƙwallon da ya sa wa kai take tafiya kamar harsashi. Babu wani ƙarfe a goshin nan. Mutane dai sun ga abin da ya fi ƙarfin hankalinsu ne, suka nema masa dalili.

A watan Fabrairu 1927 ya fara buga wa Ingila, ya ci Wales biyu. A Afrilu ya ci Sikotland biyu a filin Hampden da ke Glasgow, Ingila ta yi nasara 2-1, abin da rabonta da yi a ƙasar Sikotland tun 1904. A wasanninsa 5 na farko da rigar ƙasa ya zura ƙwallo 12.

A wannan kakar ce wani mutum daban ya kafa tarihi, kuma ba zan yi masa rowar ambato ba. George Camsell, tsohon mai haƙar kwal daga yankin Durham, ya ci wa Middlesbrough ƙwallo 59 a rukuni na biyu a kakar 1926-27. Kowa ya ce wannan kam an gama, jikoki ma sai dai su ji labari. Shekara ɗaya tak tarihin ya yi a hannunsa. Camsell ya buga wa Ingila wasa 9 ya ci ƙwallo 18, babu wasan da ya fito bai ci ba, amma yau da wuya ka ji mai kiran sunansa. Ƙwallo guda ce ta shiga tsakaninsa da shahara. Gaba da gabanta.

Yanzu ga kakar 1927-28. Dean ya fara da ci a wasa bayan wasa. A watan Oktoba Manchester United ta zo Goodison, ta sha kashi 5-2, kuma duka biyar ɗin shi ya ci. Haka aka yi ta tafiya har aka zo saura wasa 3, yana da 51. Wato sai ya ci 9 a wasa 3 kafin ya wuce Camsell. Wa zai sa rai? Ya ci Aston Villa 2, ya kai 53. Aka je gidan Burnley ya ci 4, ya kai 57, amma ya fito da ciwo a cinya. Mai kula da lafiyar 'yan wasan Everton, Harry Cooke, ya tare a gidan Dean a wannan mako, yana gasa masa ƙafar dare da rana don ya samu ya fito wasan ƙarshe.

Asabar, 5 ga Mayu 1928, Arsenal ta zo Goodison Park. Everton ta riga ta tabbatar da kofin lig tun kafin a take wasa, don haka dubban mutanen da suka cika filin abu ɗaya ya kawo su. Ana buƙatar ƙwallo uku rigis.

Arsenal ce ta fara ci, minti biyu da farawa. Ba a ko gama zama ba Dean ya farke da ka: 58. Bayan 'yan mintoci aka kwashe shi a cikin da'ira, alƙalin wasa ya ba da fenareti, ya buga da kansa: 59. Ya kamo Camsell, ga kusan wasa guda cur a gabansa. Kowa ya ɗauka ta ukun tana nan tafe yanzu-yanzu.

Ba ta zo ba. Arsenal ta farke, 'yan bayanta suka zagaye shi kamar ƙudan zuma. Aka tafi hutun rabin lokaci, aka dawo, minti 60, minti 70, minti 80. Ku ƙaddara kuna cikin filin nan: ƙafa na ciwo, agogo na gudu, wanda bai ci ba ma gumi yake. Saura minti 8 Everton ta samu bugun kwana. Alec Troup ne ya je bugawa, wani ɗan tsurut ɗan Sikotland da ke buga gefen hagu, wanda ya shekara yana ɗora wa Dean ƙwallo a goshi. Ya ɗago ta sama ta rataye a gaban raga. Dean ya taso daga baya da gudu, ya tashi sama ya fi kowa, ya sa mata kai. Raga ta motsa. 60.

Arsenal ta sake farkewa aka tashi 3-3, amma wa ya damu? Ƙwallo 60 a wasa 39, daga cikin 102 da Everton ta ci a kakar. Shekararsa 21.

Na san abin da wasu matasa za su ce a gidan kallo, domin na sha jin sa. Za su ce ai ƙwallon da ba ƙwallo ba ce, 'yan baya ba su san aiki ba, doka ta buɗe masa ƙofa, da Haaland ne da ya ci 100. Akwai gaskiya a wani ɓangare na maganar, kuma na riga na ba ku lissafin da ke goyon bayanta. Dokar 1925 ta taimaki Dean. Amma ni ban yarda a tsaya nan ba.

Dokar nan ba shi kaɗai aka yi wa ba. Ƙungiya 22 ke rukuni na ɗaya, kowace da nata ɗan gaba, kowa ƙofa a buɗe take a gabansa. Wanda ya fi kowa matsowa kusa shi ne Pongo Waring na Aston Villa, shi ma ɗan Birkenhead da ya fito daga Tranmere, ya ci 49 a kakar 1930-31. Tazarar 11 ke nan. Ted Drake na Arsenal ya tsaya a 42. Kuma 'yan baya ba barci suka yi ba. Tun Oktoba 1925, bayan Newcastle ta lallasa Arsenal 7-0, kocinta Herbert Chapman da kyaftin Charlie Buchan suka yanke shawarar janyo ɗan tsakiya ɗaya ya dawo baya, aikinsa kawai ya manne wa ɗan gaba. Daga nan aka samu ɗan baya na tsakiya da muka sani yau. Dabarar ta bazu, aka riƙa sa wa Dean mai gadi na musamman, amma ci bai tsaya ba.

Sannan ku duba da me yake wasan. Ƙwallon fata ce mai ɗinki, da igiyar ɗaure bakinta a waje. In an yi ruwa, kuma a Ingila kullum cikin ruwa ake, sai ta sha ta yi nauyi, igiyar kuma in ta dace da goshi ta tsaga shi. Takalmin kamar na soja, mai tauri har idon sawu. Fili daga Nuwamba zuwa Maris taɓo ne zalla. Babu canjin ɗan wasa. Sai 1965 aka fara yarda da shi a lig ɗin Ingila, don haka in ka ji ciwo ko dai ka ɗingisa har a tashi, ko ka bar 'yan uwanka su 10. Taurin wasan ya kai inda a 1936 mai tsaron ragar Sunderland, Jimmy Thorpe, ya rasu kwanaki kaɗan bayan shure-shuren da ya sha a wasa da Chelsea, abin da ya sa aka gyara doka don kare masu tsaron raga. A cikin wannan yanayi Dean ya yi shekara 13 a Everton ana dukansa ta ko'ina, kuma ba a taɓa korarsa daga fili ba, ba a ma taɓa rubuta sunansa a littafin gargaɗi ba. Wannan ya fi burge ni a kan wasu daga cikin ƙwallayen.

Erling Haaland ya ci 36 a Firimiya a kakar 2022-23, muka yi ta tafi, kuma ya cancanci tafin. Lionel Messi ya ci 50 a La Liga a kakar 2011-12. Ba na cewa Dean ya fi su. Zamani ba ɗaya ba, ma'auni ba ɗaya ba. Abin da nake cewa shi ne, kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma babu adalci a raina gudun wanda ya yi nasa cikin taɓo.

Yanzu mu zo kan lamba ta biyu, wadda ita ce ta fi ci min rai.

Tun 1922 hukumar lig ta ƙayyade albashi mafi yawa: fam 8 a mako lokacin kaka, fam 6 lokacin hutu. Ana ƙara fam 2 in an yi nasara, fam 1 in an yi canjaras. Wanda ya ci 60 da wanda ya ci 6, in dai dukansu sun kai ƙololuwa, kuɗinsu ɗaya. Kada in zuzuta: fam 8 a wancan zamani ya ninka abin da ma'aikacin masana'anta ke samu, kuma a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya karye, dubban maza a Birkenhead da Liverpool ba su da aikin ma gaba ɗaya. Dean bai kwana da yunwa ba. Amma ku auna da abin da yake jawowa. Mutum dubu 40, dubu 50 suna biyan kuɗin ƙofa don su gan shi. A 1928, shekarar ƙwallo 60, Arsenal ta sayi David Jack daga Bolton a kan fam 10,890. Kuɗi na yawo tsakanin ƙungiyoyi, ɗan wasan da ake cinikinsa kuwa yana nan a kan fam 8. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba albashin kaɗai ba. Akwai tsarin da ya ba ƙungiya ikon riƙe rajistar ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare. In ta ce ba ka tafiya, ba ka tafiya. In ka ƙi sa hannu, albashi ya tsaya, kuma babu wata ƙungiyar lig da za ta iya ɗaukar ka. In ta ga dama ta sayar da kai, sai ka tattara kayanka.

A Amurka, a 1927, wani ɗan wasan ƙwallon gora mai suna Babe Ruth shi ma ya kafa tarihi da lamba 60 a nasa wasan. Albashinsa a lokacin dala 70,000 a shekara. Dean yakan ba da labarin haɗuwarsu a Ingila, da yadda Ruth ya riƙe baki da ya ji abin da ake biyan sa, ya ce da shi ne sai an ba shi kaso daga kuɗin ƙofa. A Ingilar lokacin babu ɗan wasan da ya isa ya buɗe baki ya nemi haka.

Sai a Janairu 1961 aka soke ƙayyade albashi, bayan ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki. Johnny Haynes na Fulham ya zama na farko da ya karɓi fam 100 a mako. A 1963 George Eastham ya kai Newcastle kotu, alƙali ya ce tsarin riƙe rajista ya saɓa wa haƙƙin neman abinci. Duk ɗan wasan da kuka ji yau yana karɓar dubban ɗaruruwa a mako, ta wannan ƙofa ya shigo. Ita kuwa ƙofar, sai da Dean ya yi shekara 20 da ajiye takalmi aka buɗe ta.

Sauran shekarunsa a Everton hawa da sauka ne. A 1930 ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu, shekara biyu kacal bayan ɗaukar kofi. Dean bai tafi ko'ina ba. Ya ci 39 suka dawo a 1931, ya ci sama da 40 suka sake ɗaukar kofin lig a 1932, sannan a 1933, yana kyaftin, suka doke Manchester City 3-0 a Wembley suka ɗauki kofin FA. A wannan wasan ƙarshe aka fara sa wa riguna lamba a tarihin kofin: Everton ta sa 1 zuwa 11, City ta sa 12 zuwa 22. Dean ne ya sa lamba 9, kuma ya ci ƙwallo. Cikin 'yan City na ranar akwai wani saurayi, Matt Busby, wanda daga baya ya gina Manchester United.

A 1936 ya wuce Steve Bloomer, wanda ya daɗe yana riƙe da tarihin yawan ƙwallaye a lig da 352. Jimilla ya ci wa Everton 383 a wasa 433, ya yi uku rigis sau 37. Liverpool kaɗai ya ci ta 19 a wasan hamayya, wasu daga ciki a ragar Elisha Scott, abokin adawarsa kuma abokinsa. Ingila kuwa wasa 16 kawai ya buga mata, ya ci 18, kuma tun yana shekara 25 masu zaɓen tawaga suka daina kiransa.

A farkon 1937 Everton ta sayo Tommy Lawton daga Burnley, yaro ɗan shekara 17, a kan fam 6,500. Kowa ya san gurbin wa aka kawo shi ya cike. Lawton ya faɗa da bakinsa cewa Dean ne ya fara tarbarsa, ya ce masa ya san abin da ya kawo shi, kuma zai taimake shi iyakar iyawarsa. Ya kuma cika alkawari, ya riƙa koya masa yadda ake tashi sama da yadda ake sa kai. Ban san ku ba, amma ni a wurina ba ƙaramin mutum ne ke horar da wanda zai gaje shi alhali yana ji yana gani ba.

Sakayyar da ya samu ita ce, a watan Maris 1938, bayan dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da sakataren ƙungiyar, Theo Kelly, aka sayar da shi ga Notts County ta rukuni na uku a kan fam 3,000. Daidai kuɗin da aka saye shi shekara 13 baya. Everton ta ci moriyar ƙwallo 383, ta kuma mayar da uwar kuɗinta. Babu wasan bankwana. Jikinsa ya riga ya gaji. Wasa 9 ya buga a can. A Janairu 1939 ya ƙetara Ailan, garin Sligo, inda jama'a suka cika tashar jirgin ƙasa don tarbarsa. Ya ci musu 10 a wasan lig 7, ya kai su wasan ƙarshe na kofin ƙasar, Shelbourne ta doke su. Aka sace lambar yabon da aka ba shi a otal. Bayan shekara 7 wani ya aiko masa da ita ta gidan waya, ba suna. Daga nan yaƙi ya ɓarke, ya shiga soja, ƙwallo ta ƙare.

Bayan yaƙi ya riƙe wata mashaya a garin Chester, daga baya ya kama aikin ɗan aike da gadi a kamfanin Littlewoods da ke Liverpool, kamfanin da ya yi arziki da cacar sakamakon ƙwallo. Sai a Afrilu 1964, shekara 26 bayan tafiyarsa, Everton ta shirya masa wasan karramawa. Mutum fiye da 34,000 suka fito, da yawansu ba su taɓa ganin sa yana wasa ba, labari kawai suka ji daga iyayensu. Aka tara masa kimanin fam 7,000. Matarsa Ethel ta rasu a 1974. A 1976 jini ya daskare masa a jijiya, aka yanke ƙafarsa ta dama.

Mu ma nan muna da ɗan abin da ya haɗa mu da wannan gida. A 1994 Everton ta sayi Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna wanda ya taso a Ranchers Bees, a kan fam miliyan 3. Ku lissafa: ninki 1,000 cif na kuɗin Dean. A 1995 Amokachi ya shigo daga benci a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA ya ci Tottenham biyu, Everton ta je ta ɗauki kofin. Bayansa Joseph Yobo, Yakubu Aiyegbeni, Victor Anichebe da Alex Iwobi duk sun sa shuɗiyar rigar nan, sun taka ciyawar da Dean ya taka.

Ita wannan ciyawa kuwa, a kanta labarin ya tsaya. Ranar Asabar, 1 ga Maris 1980, Everton ta karɓi baƙuncin Liverpool. Dean, mai shekara 73, rabonsa da Goodison an daɗe saboda rashin lafiya, amma ranar aka kawo shi. Bill Shankly, tsohon kocin Liverpool wanda ya kara da shi a fili lokacin yana ɗan wasan Preston, ya sa shi a sahun su Shakespeare da Beethoven wajen gwaninta. Liverpool ta ci 2-1. A nan cikin filin, a wurin zaman manyan baƙi, zuciyar Dean ta buga, rai ya yi halinsa. Bisa al'adar wasu mutanen can aka ƙone gawarsa, aka barbaɗa tokar a kan layin tsakiyar fili. A 2001 aka kafa mutum-mutuminsa a ƙofar filin, riƙe da ƙwallo.

A watan Mayu 2025 ƙungiyar maza ta Everton ta buga wasanta na ƙarshe a Goodison Park, gidanta tun 1892, ta doke Southampton 2-0, ɗan Senegal Iliman Ndiaye ya ci duka biyun. Ta koma sabon fili a bakin kogin Mersey, inda daga can ana hango Birkenhead a tsallake. Ba a rushe Goodison ba. Ƙungiyar mata ta Everton ce ke wasa a cikinsa yanzu, kuma duk ranar wasa a kan wannan layin tsakiya ake ajiye ƙwallo a take.